Farar Masarar Malam

Parkchester, Bronx
Fabrairu, 2025

Tsoho,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Firdausi da Gwaggonka da duk wanda ke cikin gidan. Mu nan alhamdulillahi. Gwiwata ce ke damuna idan sanyi ya tsananta, kuma bana ya tsananta. Ƙanwarka Nimatu tana fita aiki tun da safe, yaran suna makaranta, ni kuma ina zaune da hita da taga. Idan sun dawo na ce sannunku da zuwa, sai su ce "Hi, Grandma," kowa ya shige ɗaki. Suna jin Hausa sarai, amsawa ce ba sa yi.

Na zaɓi in rubuto maka ne domin a waya ba ka da magana sai "to, Inna, to, Inna," daga nan layi ya yanke. Abin da aka rubuta ba ya yankewa. Alhaji Jibrin mai shagon kaya ne zai taho da ita, zai ajiye maka a wurin ƙaninsa a kasuwar Saminaka.

Nimatu ta ce ka gaya mata ka je taron malaman gona, kuma kana da niyyar shuka sabon irin masarar nan da aka sarrafa, wanda aka ce tsutsa ba ta cin sa. Ƙanwarka ka gaya wa, ni ba ka gaya mini ba. Na ji, na kuma ajiye wannan a gefe.

Abin da nake tambaya ɗaya ne. Ina farar masarar Malam, mahaifinku? Ka san ba a kasuwa ya sayo ta ba, daga hannun mahaifinsa ya karɓa. Kowace kaka shi da kansa yake shiga gona kafin a karya, ya zaɓi kawunan da suka cika har baki, ya ɗaure su bibbiyu da ɓawonsu, in rataye su a saman murhu hayaƙi ya tsare su. Shekarar da aka yi fari muka ci rogo har muka gaji, bai bari an taɓa ko kai ɗaya ba. Da ya rasu ban ga gawarsa ba. A wannan ɗakin na yi takaba, ina jin jirgin ƙasa yana wucewa. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ka ce mini ka shuka irinsa, ka kuma rataye na baɗi. Duk shekara haka kake ce mini, duk shekara nake yi maka addu'a a kai.

Mutum ba ya watsar da abin da ya ciyar da shi don an zo masa da sabo a leda mai hoto. Wanda ya saba sayen iri kowace shekara ya zama yaron mai shago, ko da gonar tasa ce. Ka yi tunani kafin azumi ya kama, ka ba ni amsa a rubuce.

Mahaifiyarka,
Iyatu


Saminaka
Afrilu, 2025

Inna,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Takardarki ta iso ana tsakiyar azumi. Muna lafiya, Gwaggo tana gaishe ki, ta ce ki riƙa shafa man kaɗe a gwiwar. Allah Ya ƙara sauƙi.

Inna, ban ɓoye miki don raini ba. Na rasa ta inda zan fara ne.

Tsutsar da kika bari ba ita ce ta yanzu ba. Bara tun masara tana ganye huɗu ta shiga. Na yi feshi, na sake, na sake, har na daina lissafi. Duk ribar da ya kamata in gani a shagon mai magani na bar ta. Idan na sauke jarkar feshi daga bayana, idona ja, ƙirjina kamar an ɗora dutse, in kwana ina tari. Amyar Baba da ke kan ɗorawa babu zuma a ciki, ƙudan sun tashi. Rama da yakuwar da ke fitowa a tsakanin masara, mata sun daina tsinka don tsoron magani. Kududdufin bayan gona cike yake da robobin magani, namu da na maƙwabta, kuma nan awaki suke sha.

Na je gonar gwaji na gani da idona. Layin sabon iri ganyensa lafiya lau, layin da ke kusa da shi kamar an harbe shi da bindigar toka. Gaskiyarki ce, sai an sayi irin duk shekara, na tambaya an tabbatar mini. Amma magani ma duk shekara nake saya, kuma ya fi irin tsada nesa ba kusa ba. Wanda na samu ja ne, masu abincin kaji suna saye tun a gona.

Masarar Baba tana nan a rataye, ban taɓa ta ba. Malamin gona ya ce duk wanda zai shuka sabon iri ya bar wasu layuka na masarar da aka saba a gefe, kada a fesa musu komai. Wai idan tsutsa ba ta da inda za ta ci ta rayu, waɗanda suka fi taurin kai ne za su saura su hayayyafa, nan da 'yan shekaru sabon irin ma ya daina aiki. Sai na ga tunda dole in shuka wata a gefe, gara ta Baba ce, tana cikin gonarsa.

Na san za ki ce a zuba mata toka da yashi a tsakiyar ganye kamar yadda kike yi. Ni kaɗai ba zan iya ba, ga gonar waken suya. Firdausi kuma ba za ta shiga gona bana ba, ba kuma za ta wanke kayan feshi ba. Haka muka yanke.

Ki yi mana addu'ar damina mai albarka.

Ɗanki,
Hambali, Tsohonki


Parkchester
Mayu, 2025

Tsoho,

Bayan sallama, ina fata kuna lafiya. Ni da sauƙi, sanyi ya wuce. Na karanta takardarka, na cire tabarau na goge, na sake karantawa.

Idan na fahimce ka, ka ɗauki irin mahaifinka ka mai da shi abincin tsutsa. Za ka jera shi a bakin gona a ci, domin masarar kaji ta zauna lafiya. Kuma ka rubuto mini wannan kamar ka yi abin kirki.

Ko tsutsa ta rage maka wani abu, ka manta masara tana aure? Ba a makaranta na koyi wannan ba, ko da yake a can ma an koya mana. Shekarar da maƙwabcinmu ya shuka ja a kan iyaka, mahaifinku bai ɗauki iri daga wannan gefen ba sam, domin iska ta kwaso garin furen ta zuba a kan tamu, kawunan suka fito da dabbare-dabbare. Kai kuma da hannunka za ka kai ta har gindin ja. Abin da za ka rataye a kaka ba na Malam ba ne.

Na kai maganar wurin Hajiya Tahiratu, 'yar Kumasi da ke hawa na ƙasa da mu, wadda take yin dokunu, tuwon masarar mutanen Gana, tana kai wa shaguna. Na zaci za ta taya ni. Sai ta kwashe da dariya ta ce, "Ei, Mma Iyatu! Kin zo ƙasar masu wannan masara kin zauna shekara da shekaru, ƙaho ya fito miki?" Na ce ban ce guba ce ba, ni ba jahila ba ce. Ta ce, "To bar yaro ya huta da feshi mana, ke kina nan kina shan hita." Na hau lif na dawo. Ita gonar ubanta an daɗe da yin gidaje a kai, ba za ta gane ba.

Tarinka ya dame ni, kada ka ce bai dame ni ba. Shuka sabon irinka, ban hana ka ba. Amma ta Malam ka kai ta fadama, nesa da ja, a bi ta da toka.

Sai maganar matarka. "Haka muka yanke." Kai da wa? Ban taɓa ganin yarinyar nan ido da ido ba, a waya na ga ɗaurin aurenku, ban kuma taɓa faɗin aibinta ba. Amma macen da ke cin tuwon gida ta ce ba za ta zuba toka a layi kaɗan ba, wannan ba wayewa ba ce, lalaci ne. Na riƙe takardar sakandare kafin a haife ta, kuma ban ga ta hana ni durƙusawa a gona da goyo a bayana ba. Namijin da ke rufa wa matarsa asiri a kan ƙiwa, shi zai ci kunyar a ƙarshe. Ka karanta mata wannan, ban ce ka ɓoye ba.

Mahaifiyarka,
Iyatu


Parkchester
Agusta, 2025

Tsoho,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Lafiyata ƙalau, sai zafi, irin na garin nan mai danƙo da ba ya barin mutum ya yi numfashi.

Babbar Sallah ta wuce, ka aiko gaisuwa ta wayar Nimatu, murya ce ta 'yan daƙiƙu. Na sa ta kunna mini har ta gaji ta ce, "Inna, ba abin da ya ƙaru a ciki fa." Alhaji Jibrin ya dawo, na hau jirgin ƙasa na je shagonsa da kaina. Ya ce tafiyarsa ta yi jinkiri, bai san ranar da ƙaninsa ya ba ka takardar ba, kuma ba a ba shi komai ya kawo mini ba. Ya ba ni kujera da ruwan sanyi. Na zauna ina kallon masu aika kaya gida, kowa da buhunsa da sunan wani a jiki.

Fushi da uwa ba ya kai mutum ko'ina. Idan na faɗi abin da ba ka so, ka amsa mini, ko da musu ne. Shiru ba tarbiyyar da na ba ka ba ce.

A lissafina yanzu masara ta yi goyo. A nan ba a sanin damina sai a ga mutane da lema. Akwai wani ɗan fili kusa da tashar jirgi da aka kewaye da waya, wasu 'yan Meziko sun shuka masara a ciki, ba ta fi a ƙirga da yatsu ba. Ranar Juma'a idan na dawo daga masallaci nakan tsaya a jikin wayar. Wata tsohuwa a cikinsu ta lura da ni, ta buɗe ƙofa ta yafito ni. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Na buɗa ganye ɗaya na duba tsakiyarsa, ita ma ta leƙa, muka ga ba komai, muka gyaɗa wa juna kai. Daga nan na dawo gida, ba kowa, na dafa shayi.

Ka gaya mini inda ka shuka ta Malam. Ko ba ka bi maganata ba, ina so in sani. Kuma yaya tarin?

Mahaifiyarka,
Iyatu


Saminaka
Nuwamba, 2025

Inna,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ki gafarce ni. Takardunki biyu suna hannuna. Tari ya tafi, bana ban goya jarkar feshi a gonar masara ba sai sau ɗaya, na ciyawa.

Inna, Firdausi ta sauka ranar Talatar da ta wuce. Mace aka samu, ita da jaririyar suna lafiya. Na hana a gaya wa Nimatu sai takardar nan ta kama hanya, don ina so ki ji daga gare ni.

Abin da na kasa rubuta miki a watan Afrilu ke nan. Ke da ba ki taɓa kama sunana ba tun da aka haife ni, ta yaya zan ɗauki biro in rubuta miki cewa matata tana da ciki? Na zaci idan na ce ba za ta shiga gona ba za ki gane. Kuma akwai tsoro. Bara a tsakiyar damina ta yi ɓari. Ita take wanke kayan da nake feshi da su, ita take kawo mini abinci gona. Ba wanda ya ce maganin ne, Allah kaɗai Ya sani, amma ma'aikaciyar asibiti ta ce idan an sake samu ta nisanci duk abin da ya shafe shi. Wannan ne ya kai ni taron malaman gona.

Takardarki ta Mayu ta iso masara ta kai gwiwa, na riga na shuka ta Baba a gefen gabas. Ba na gida aka kawo, Firdausi ta karɓa, da na dawo na ce ta karanta mana. Ta karanta har ƙarshe, ba ta tsallake komai ba. Washegari na tashi ban gan ta ba. Na same ta a gona da ƙwaryar toka, ga maƙwabcinmu yana feshi a tasa gonar iska tana kaɗowa. Na ce ta fito. Ta ce, "Bari in gama layin nan, kada Inna ta ce 'yar boko aka kawo mata." Sai da na ƙwace ƙwaryar. Na zauna zan ba ki amsa a ranar, na ga abin da zai fito daga hannuna ba abin da ɗa zai aika wa uwarsa ba ne. Shi ya sa na yi shiru.

Sabon iri ya yi kyau ƙwarai, ban taɓa cika ɗakin ajiya irin na bana ba, kuma ban kai wa mai maganin tsutsa komai ba. Gwaggo ta tsinki rama a gona har ta shanya. Ƙudan zuma sun koma amyar Baba.

Ta Baba kuwa tsutsa ta ci rabonta. Abin da ya tsira bai cika kwando biyu ba, kuma yadda kika faɗa haka ya faru, kowane kai da jajayen ƙwayoyi a jikinsa. Ban rataye ba, ban kuma taɓa ba. Firdausi ta ce a ɓare, ita za ta zauna da faifai ta tsince fararen ɗaya bayan ɗaya, wai ai zaman jego zama ne. Ta ma fara jiya. Gaskiya ko an tsince, baɗi kusan duk maƙwabta sabon iri za su shuka, fadama ma haka, kuma sai an bi ta da toka ko magani. Amma idan kin ce a tsince a rataye, za a yi, in nemi inda zan kai ta. Ke za ki yanke.

Ɗanki,
Hambali


Parkchester
Nuwamba, 2025

Tsoho,

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi. Allah Ya raya ta, Ya sa mahaddaciya ce, Ya ba uwarta lafiya da nono mai albarka. Wannan takardar ba zan jira matafiyi ba, Nimatu za ta ɗauki hotonta ta turo maka yau, domin jego ba ya jira.

Na karanta taka a kicin ina tsaye. Da na kai wurin ƙwaryar toka sai na nemi kujera. Babban yaron Nimatu ya shigo neman ruwa, ya dube ni ya ce da Hausa, "Kaka, lafiya?" Na ce lafiya, an yi maka ƙanwa.

Kunyarka na gane ta, ni na koya maka. Amma ba don haka aka yi Gwaggo ba? Da ka ce ta kira ni, kalma biyu ta isa. Ka bar ni ina jifan yarinya mai ciki daga wata duniya, ka kuma miƙa mata takardar ta karanta da bakinta. Na ce ka karanta mata, amma namiji yakan duba abu kafin ya shigar da shi ɗakin matarsa. Wannan ka riƙe shi har gaba. Nawa laifin kuma ni da ita ne, ba sai ta bakinka ba. Ka ba ta waya ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku, ka fita daga ɗakin.

Yanzu maganar masara. Ka karɓe faifan nan daga hannunta yau ɗin nan. Mai jego ba ta sunkuyo, bayanta ɗanye ne, idonta ma bai koma daidai ba. Wankanta da abincinta da barcinta, aikinta ke nan. Wa yake dafa mata ruwan wanka? Idan Gwaggo ba ta iya ɗaukar itace, ka nemo wadda za ta iya.

Kada a tsince, kada a rataye. Na kwana biyu ina juya abin, na yi sallah a kai. Mahaifinku ya tsare irin nan ne don a ci a gidansa, kuma ba zan sa a tsare shi da bayan mai jego ko da ƙirjinka ba. Baɗi ka sayi farar masara a kasuwa ka shuka wa tsutsarka a gefe, kowace iri ce.

Ka haɗa duka, fari da ja, har wanda ta riga ta tsince. A surfa, a wanke, a shanya a kan tabarma mai tsabta, a kai inji a ce su wanke shi kafin su zuba. Garin nata ne ita kaɗai har ya ƙare. A tuƙa mata da laushi, da miyar kuka da kaza da yaji mai yawa. Ranar farko ka ci malmala ɗaya, ka kai wa Gwaggo ɗaya, ku yi wa Malam fatiha.

Kada ka aiko mini, ko gari ko tsaba. A filin jirgi za su ƙwace su zuba a shara, kuma ba zan so ta ƙare a can ba. Ka dai rubuto mini ranar da aka tuƙa, ka gaya mini ko ta ci da yawa.

Mahaifiyarka,
Iyatu